Surukina a Kan Buhunan Dawa

Motar da na yi shekaru ina ciyar da iyalina da ita akori-kura ce, tsohuwa. Fara ce a da, amma jar ƙasar hanyar Ribah ta riga ta rina ta tun kafin ta zo hannuna. Wajen wani mai buga bulo a Zuru na saye ta, a farkon shekarun dubu biyu. Aikina bin kasuwanni ne, Ribah da Bena, wani lokaci har Dirin Daji, in kwaso dawa da masara da masu su in kawo gari. Injinta bai taɓa ba ni wahala ba. Abin da aka san ta da shi tsalle ne. In ta taka ɗan dutse sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Ni na saba. Mai riƙe da sitiyari yana da abin dafawa, kuma yana hango rami tun daga nesa, jikinsa ya shirya kafin a isa.

Surukina tsohon soja ne, yana kofur ya bar aiki. Ƙauyensu na gindin dutse, in ka ratse daga hanyar Ribah. A gonarsa na yi golmo, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya a wajenmu kafin a ba shi aure, kuma duk shekarun da na yi ina duƙe a gonar nan ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Bayan aure ma haka muka ci gaba. In na je gaishe shi nakan durƙusa daga nesa in ce, Baba ina kwana, shi kuma ya amsa yana duban wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, haka ake yi. Abin da nake so ya ji sai in gaya wa matata, ita ta gaya wa uwarta. Abin da yake so in ji ta wannan hanyar yake biyowa ya iso ni.

Tun da na sami motar, duk ranar kasuwar Zuru nakan biya ta ƙauyen in ɗauko shi. Ba saye yake zuwa yi ba, ba sayarwa ba. Yakan zauna da 'yan uwansa tsofaffin sojoji su ji ko akwai labarin fansho, daga nan ya wuce maƙera wajen abokinsa ya yini. Gidan gaba nasa ne. Ko wa na ɗauko a hanya, da mun iso ƙauyen zai sauka ya koma baya, ba sai an gaya masa ba. Mu biyu za mu zauna kafaɗa da kafaɗa har gari, ni ina duban hanya, shi yana duban taga, babu mai cewa komai.

Wata safiya bayan kaka na iso da motar cike da buhunan dawa. Na sauka na buɗe masa ƙofa kamar kullum, na ja gefe, kaina a ƙasa. Sai na ga ƙafafunsa sun wuce ni. Ya zaga baya, ya jefa sandarsa sama, ya taka taya ya hau. Matan da ke kan kayan suka matsa masa, ya zauna a kan buhu ya miƙe ƙafa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙofa. Ba ni da bakin da zan tambaye shi dalili. Kuma babu wanda zai yarda ya shiga gaba alhali dattijo yana baya, don haka da kujerar a wofi muka shiga Zuru, surukina a sama kamar kaya, ƙura ta yi wa hularsa ja. Duk wanda ke tasha ya gani.

Makon da ya biyo ma haka ya yi.

Daga nan magana ta fara yawo. Wasu suka ce kuɗin mota na tambaye shi. Wasu suka ce tun da na yi mota na fara ganin na fi gidan da aka ba ni mata. Matata ta je ta tambayi uwarta, uwar ta ce ita ma ta tambaye shi, ya ce babu komai, iska yake so. Matata ta dawo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ce in dai tuna da kyau, ko akwai abin da na yi ban sani ba. Na tuna iyakar tunawata, ban samo ba. Bayan kwana biyu yayanta ya zo a kan babur. Bai kashe injin ba, daga kan babur ɗin ya yi magana. Ya ce in ba zan iya ɗaukar ubansu da mutunci ba in bar musu shi, suna da babur. Ya ce kuma in aka sake ganin tsohon a kan buhu, ƙanwarsa za ta zo gida ta zauna har sai manya sun ji abin da ke tsakanina da shi. Bai ɗaga murya ba, kuma na san ba wasa yake yi ba.

Na rasa ta inda zan ɓullo. In na ci gaba da zuwa, zai sake hawa baya. In na daina zuwa, na tabbatar wa mutane abin da suke faɗa.

A cikin kwanakin nan ƙugiyar ƙofar baya ta karye, na kai ta maƙera. Maƙerin sa'an surukina ne kuma abokin wasansa tun suna samari, shi kaɗai ne a ƙasar nan ke iya zaginsa ya kwana lafiya. Ya karɓi ƙugiyar ya jefa cikin wuta, bai ko dube ta ba.

"Kai ne mai jakin ƙarfen ga? Ka kusa kashe mini Kofur."

Na ce ban gane ba. Ya nuna mini wani wuri a bayan zugazugi inda aka shimfiɗa tsohon buhu. Ya ce an daɗe ana haka, duk ranar kasuwa nan abokinsa ke zuwa ya kwanta rub da ciki har rana ta take, shi yana gasa masa ƙugu da tsumma mai zafi. Ciwon tun na soja ne, amma gaban motata ne ke tayar da shi. A baya kuwa nauyin kaya na danne mota, dawa kuma tana lotsawa a ƙarƙashin mutum, shi ya sa ya gwada sau ɗaya ya ji sauƙi ya zarce.

Na ce to me ya hana shi faɗa.

"Ya faɗa ma wa? Kai? Soja ya dubi mijin ɗiyarsa ya ce bayansa ya mutu? Ni ma don ina riƙe da tsumman ne na sani. In ka ce ni na gaya maka, zan ce ban taɓa ganinka ba."

Na ce zan sa masa matashi a kujerar. Ya ce ranar da Kofur ya ga matashi, ranar zai daina shiga motata gaba da baya. Sannan ya tashi ya fita, ya tsuguna a gaban motar yana leƙa ƙasa. Ya kira ni ya nuna mini sifirin, fallayen ƙarfen nan da aka jera aka ɗaure, waɗanda nauyin mota ke zaune a kansu. Ya sa yatsa ya goge ƙura, sai ga wasu fallayen sun fi sauran kauri, yankansu ma daban. Ya ce waɗannan ba nata ba ne, na babbar mota ne, kuma ya sani don shi da hannunsa ya yanka wa mai bulo su, lokacin da yake jibga siminti har saman kan direba. Na yi shekaru ina shiga ƙarƙashin motar nan ina zuba giris, ban taɓa lura ba.

Washegari na kai ta gareji. Bakaniken da ke yi mini aiki ƙanena ne a shekaru, mai yawan barkwanci. Na ce ina so gaban motar ya yi laushi. Ya ajiye sifana ya dube ni. Ya ce tun da ya buɗe garejin nan, duk wanda ya zo masa da maganar sifirin ƙari yake nema, a sa falle ɗaya, a sa biyu, mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Ni ne na farko da ya zo neman ragi. Ya tambaye ni ko amarya zan riƙa ɗauka. Ba zan iya gaya masa gaskiya ba, don abin da aka faɗa a gareji da safe ya isa kasuwa kafin azahar. Sai na ce bayana ke ciwo. Kafin rana ta faɗi, masu faci da masu walda duk suna ce mini tsoho, wani ma ya kawo mini benci wai kada in tsaya da yawa. Na zauna.

Da farko mun ɗauka aikin yini ɗaya ne, a kwance a cire fallayen da aka ƙara a mayar. Da aka sauko da sifirin dama aka buɗe, sai muka tarar ainihin nata sun riga sun miƙe, babu sauran lanƙwasa a jikinsu, babban fallen kuma ya tsage kusa da idon da ake sa ƙusa. Na babbar motar ne kawai ke riƙe da shi. Bakanike ya ce in an cire su hancin motar zai zauna a kan taya, kuma ba a sauya gefe ɗaya a bar ɗaya. Sai dai a nemo wasu, biyu. A Zuru muka zaga, babu irinsu. Aka ce sai Kontagora.

Bakanike ya ɗauko igiya ya auna mini tsohon sifirin, daga ido zuwa ƙusar tsakiya ya ƙulla, daga nan zuwa ɗaya idon ya sake ƙullawa. Ya ce in lura, ƙusar ba a tsakiya daidai take ba, gefe ɗaya ya fi gajarta. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, na fara iya karanta lamba, amma lambobin da masu kayan gwanjo suka riƙa nuna mini a jikin ƙarfe ba su gaya mini komai ba. Igiyar nan na bi da ita rumfa rumfa a Kontagora ina ɗorawa, har na sami biyu da suka yi daidai, daga mota ɗaya aka ciro su, lanƙwasarsu na nan. Na haɗo da sababbin robobin da ake cusawa cikin idon, da yubol, ƙarafan da ke rungume sifirin su matse shi.

Tafiyar ta sa ranar kasuwa ta wuce ni, motar tana ɗage a gareji. Yayan matata ne ya kawo tsohon a babur, kan wannan hanyar, da wannan bayan. Ban gan shi ba, amma maƙeri ya ce ranar ko ruwa bai iya tashi ya sha ba. Mutane kuma suka ce ga shi nan, na daina zuwa. Matata kuwa na ga ta wanke kayan yara ta ninke su a wuri ɗaya. Daren nan na gaya mata abin da maƙeri ya gaya mini. Ta ce uwarta ta sani, dole ta sani, ita ma rufa masa asiri take yi.

Aikin ya ci mu kwana biyu a gindin darbejiya. Gaba na ɗage a kan jak, an tokare jikin motar da kututture, an cire tayoyi. Notocin gefen hagu sun yi tsatsa sun zama abu ɗaya da ƙarfen. Muka jiƙa su da kananzir da baƙin mai tun yamma, da safe uku suka kwance da ƙyar, na huɗun sai da mai walda ya sa masa wuta. Sababbin muka buɗe su falle falle, muka goge da burushin waya, muka shafa giris a tsakani muka sake ɗaurewa. Wajen ɗorawa, bakanike yana cikin ba da labari ya juya na dama, dogon gefen ya koma gaba. Sai da aka sa taya aka ga ta matso kusa da ƙofa, ta ƙi zama a gurbinta. Ya zagi kansa ya kwance ya gyara. Bai yarda a matse notocin ƙarshe ba sai da aka sauke motar ƙasa, muka hau kan bamba mu biyu muka yi ta lilo har sifirin ya zauna. Ya ce in an matse tana sama, robobin a murɗe za su zauna, ba za su ga damina ba. Ya kuma sa na cire kariyar ƙarfen da ke saman kan direba. Ya ce na nemi laushi na samu, amma in na ɗora buhu a can sama kada in dawo masa da kuka. Tsofaffin fallayen kuwa, maƙeri ya aiko aka ɗauka, ya ce garma biyu ce da gatari.

Na cika kwano da ruwa na ajiye a kujerar gefe, na bi hanyar Ribah har gangaren rafin da ya fi ko'ina gargada. Ruwan ya zube, amma ba duka ba. A da kwanon kansa ba zai zauna a kujerar ba. Tsohuwar mota ce har yanzu, sai dai ta daina duka.

Saura yadda za a yi ya shiga. Ba zan iya cewa na gyara don shi ba. In na zo da buhuna zai hau su, in na zo babu kaya zai zauna a kan ƙarfe tsirara, wanda ya fi muni. Matata ce ta kawo dabarar. Ta ce akwai kayan da ba a zama a kansu. Matan ƙauyensu maginan tukwane ne, kuma ba su taɓa ba ni tukunya ko ɗaya ba saboda sun san halin motata, a ka suke ɗauka zuwa bakin titi. Ta tafi ƙauyen tun ana gobe kasuwa, ta bi su gida gida ta ce ita ta ɗauki alhakin duk wadda ta fashe.

Da sassafe muka shimfiɗa ciyawa muka jera randuna da tukwane da tuluna, har babu inda za a sa ƙafa. Masu su suka ce za su biyo baya. Muna gama ɗauri sai ga shi ya fito da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Ya zaga baya ya tsaya. Ya zaga ɗaya gefen ya sake tsayawa. Surukata tana bakin zaure tana tsince wake, ta ce wa kajin da ke gabanta tukwanen bana ba su gasu sosai ba, ko hannu ba sa so. Surukina ya juya ya ce a kira masa ɗansa ya fito da babur.

Na ji ana tura babur ɗin daga cikin gida. A duk zamana da shi ban taɓa fara yi masa magana ba in ba gaisuwa ba. Ina durƙushe, idona a kan takalminsa, na ce:

"Baba, bayana ke damuna, shi ya sa na sa aka yi wa motar aiki. Ni na saba da ita, ba na iya gane ko aikin ya yi. Ina so a ji mini."

Sannan na ga takalman sun nufi ƙofar gaba. Da kansa ya buɗe.

Na ja motar a hankali saboda tukwane. Da muka doshi gangaren rafi na yi abin da ban taɓa yi ba, na saci kallonsa ta gefen ido. Ya dafa gaban mota da hannu ɗaya, ya kama ƙofa da ɗayan, ya ɗaga jikinsa daga kujera. Ashe haka yake yi duk shekarun nan a kusa da kafaɗata. Taya ta faɗa ramin ta fito, motar ta lotsa ta taso. Ya ɗan jima a sama, sannan ya sauka a hankali. A rami na gaba ya dafa amma bai tashi ba. Kafin mu hau kwalta hannuwansa biyu suna kan sandarsa.

A tasha na rage gudu inda ya saba sauka. Ya ce, maƙera. Hanyar maƙera ta tsakiyar kasuwa take bi, sai na bi ta, ana matsa mana, shi kuma ya sauke gilashi yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har da ta waɗanda ba su gaishe shi ba. Maƙeri ya fito yana goge hannu, ya ce yau kuma an ƙara wa Kofur girma ne, ko buhunan ne suka kai ƙara. Surukina ya sauka, ya miƙe tsaye sosai, ya zaga gaban motar ya danna ta da sanda.

"Gaya ma yaron ga, gefen dama ya fi na hagu tauri. A sake dubawa."

Maƙeri ya juyo ya gaya mini, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Na ce to. Da muka sauke kaya, tulu ɗaya ne ya tsage a wuya, mai shi ta ce dama can da lahaninsa.

Na mayar da motar gareji aka sake matse notoci, bakanike ya ce babu abin da ya sami gefen dama. Mako na gaba na je ƙauyen da buhunan dawa har sama, don ba kullum ake samun tukwane ba. Na buɗe ƙofa na ja gefe. Ya fito ya dubi buhunan, ya shiga gaba. Muna isa gari ya bar wa maƙeri saƙo cewa har yanzu da ɗan saura, zai ci gaba da ji.

Matata ta mayar da kayan yara inda suke. Da ta je ƙauye ta dawo, ta zo mini da wani ɗan gwangwani, man shafawa ne baƙi mai warin saiwa, an riga an shafe rabinsa. Ta ce in ji uwarta, in ji Baba, in riƙa shafawa a ƙugu safe da yamma, kuma in rage ɗaukar buhu da kaina. Na karɓa na shafa.